Fulakon da Ya Kusa Sa a Harbe Ni

Ba zan taɓa mantawa da bazarar 2014 ba. Ko da ma na so in manta, ƙanena Kabiru ya ɗaukar wa kansa aikin tuna min, duk sallah, duk suna, duk inda dangi suka taru. Shi ya sa na ce gara in ba da labarin da bakina, tunda nasa kullum ƙara gishiri yake yi.

A lokacin ina Alƙahira, a Madinat Nasr, can unguwar da baƙin ɗalibai suka yi yawa. Ina haɗa digiri na biyu a fiƙihu, ina kuma taɓa tafinta ga 'yan gida masu zuwa neman magani, in kai wannan wurin likitan ƙashi, in raka waccan awon ido. Zafin shekarar ba a magana, ga ɗauke wuta safe da yamma, har muka koma yi wa Misirawa jaje muna ce musu ma'alish, mu mun saba, a hankali ku ma za ku iya. Ina kwance a kan tayil ina fifita da bangon littafi sai ga wayar Hajiya daga Malumfashi.

"Ustazu, ka ji abin da ƙanenka ya ɗebo mana?" (Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.)

Na ji mana. Kabiru ma'aikacin jinya ne. Rabo ya kai shi Kanada, a Kanadan ma aka tura shi wani ɗan gari a bakin teku, can ƙuryar arewa inda mota ba ta zuwa sai jirgin sama, garin mutanen da ake kira Inuwit. A can ya ga wata malamar makaranta 'yar garin mai suna Miyali, ya ce shi in ba ita ba sai rijiya. Ɓangaren addini ni da kaina na warware wa Hajiya shi da hujjoji, ta haƙura. Abin da ya rage shi ne wani babba daga danginmu ya je ya nema masa auren, domin mahaifin yarinyar ya kafe a kan ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da bai taɓa ganin kowa nasa ba.

"To kai za ka je," in ji Hajiya, "tunda kana can kusa da shi."

"Hajiya, kusa da wa? Wallahi Malumfashi ta fi kusa da ni nesa ba kusa ba."

"Kai ba waje kake ba? Shi ma ba waje yake ba? To mene ne?"

Na buɗe baki zan fara bayanin taswirar duniya, sai na tuna da wa nake magana, na rufe. Ta ƙara da cewa, "Kuma ka riƙe mana mutunci. Gidan surukai ne. Kada ka je kana buɗe musu ciki kamar wanda aka sako daga kurkuku."

Nan ya kamata in tsaya in gaya muku irin horon da na samu a kan cin abincin mutane, don ku san ba haka kawai na zama sakarai ba, karatu na yi. A gida an koya min fulako tun ina yaro: in aka ce bismillah ka ce alhamdulillahi, a gidan surukai kuwa ko ruwa sai ka juya baya. Da na zo Masar sai na tarar da babbar makarantar abin. A can gayyata iri biyu ce. Akwai ta baki, wadda mutum ke cin waken ful a bakin titi ka wuce ya ce maka itfaddal, wato bismillah, gaisuwa ce kawai, in ka zauna ka ci ka zama abin labari (wani sabon ɗalibi daga Azare ya taɓa zama ya cinye wa wani bawan Allah karin kumallonsa tas, har yau ana ba da labarinsa). Akwai kuma ta gaskiya, wadda ake gane ta da rantsuwa. Mai gidanmu, Ummu Tamir, ita ce shehiyar wannan fanni. Ta ce ka ci, ka ce ka ƙoshi. Ta ce wallahi sai ka ci, ka ce wallahi yanzu ka tashi daga kan abinci. Ta dafe ƙirji ta ce wato raina ta ka yi, ta tare ƙofa, ta kira sunan Allah da na Annabi da ran 'ya'yanta. Sai a nan za ka zauna kamar an tilasta maka, ka share faranti biyu na mahshi, kayan lambun nan da ake cusa wa shinkafa, kowa ya tashi da mutuncinsa. Shekaru na yi a wannan tsari har ya zame min jiki. Ban taɓa kawo wa raina akwai inda ake ce wa mutum ya ci sau ɗaya a yi shiru ba.

Wahalar biza da zirga-zirgar Wustul Balad, tsakiyar birni, a cikin ƙananan bas ba zan ɓata muku lokaci da su ba. Na dai tashi da jaka cike da dabino da zoɓo da turare na tsaraba, da farar babbar riga ta shadda don ranar magana, da kuma ƙullin kilishi da wani mara lafiya ya kawo min, wanda na ajiye a matsayin guzurin ko-ta-kwana. A filin jirgin farko na Kanada wata jami'a mai kare ta raba ni da kilishin. Karen ya fi ta sanin darajar abin, don har na wuce yana waige.

Daga babban jirgi zuwa matsakaici, daga matsakaici zuwa wani ɗan ƙarami mai farfela wanda rabinsa mutane ne rabinsa kwalaye. Muka sauka a kan tsakuwa. Na fito na duba gabas da yamma, babu bishiya ko ɗaya, ko ta rantsuwa. Duwatsu ne baƙaƙe, da gidaje masu launi-launi a tsaye kan ƙafafun ƙarfe, sai teku shimfiɗe da manyan curin ƙanƙara suna yawo a kai. Watan Agusta ne, su a wurinsu lokacin zafi ke nan, yara na guje-guje da 'yan riguna, ni kuwa haƙorana kaɗawa suke. Kabiru ya rungume ni yana dariya, ya cusa ni cikin wata ƙatuwar rigar sanyinsa mai kumburi, ya ce, "Yaya, sannu da zuwa ƙarshen duniya."

Ko hutawa ban yi ba aka kira shi asibiti. Wani ya ji mummunan rauni a kwalekwale, dole a ɗauke shi a jirgi zuwa babban gari, kuma Kabiru ne zai raka shi. Gidan ma'aikatan asibiti ba a barin baƙo shi kaɗai, don haka ya ɗauki jakata ya dire ni a gidan su Miyali, ya ce gobe-gobe zai dawo. Yana tashi hazo ya taso daga teku ya rufe garin ruf, jirgi ya daina sauka. Ni ke nan a gidan surukai, da guntun Turancina na ɗan makarantar Arabiyya.

Mahaifinta, Dattijo Simiyoni, gajere ne mai faɗin kafaɗa, mafarauci, magana a wurinsa kamar da awo ake ba shi. Mahaifiyarta, Ilisabi, ba ta jin Turanci sosai, murmushi ne yawancin hirarta. Na buɗe jaka na zube musu tsarabar gaba ɗaya, dabinon duka, ban rage ko ƙwaya ba, don a san daga gidan girma na fito. Na yi gaisuwa mai tsawo, na tambayi gida da iyali da sanyi da gajiya. Dattijon ya saurara har na gama, ya ce, "Ka iso." Shi ke nan.

Da lokacin abinci ya yi sai aka shimfiɗa kwali a tsakar ɗaki. Aka kawo wani ƙaton kifi, cikinsa ja-ja-wur, rabi an dafa yana tururi, rabi ɗanye mai ƙanƙara, kowa ya zauna a ƙasa da wuƙarsa. (Kabiru ya riga ya gaya musu kifi ne ba ni da matsala da shi ko kaɗan, kuma gaskiya ne, a mazhabarmu abin da ya fito daga teku halal ne.) Rabona da abincin kirki tun Alƙahira. Ƙamshin dafaffen ya bugi hancina har na ji yawu ya taru. Dattijon ya ɗago ya dube ni ya ce, "Zo ka ci."

Na dafe ƙirji, na sunkuyar da kai, na ce, "Na gode, na ƙoshi."

Ya dube ni kaɗan, ya mayar da kansa ga kifinsa.

Na gyara zama ina jiran zagaye na biyu. Na ma shirya amsar da zan bayar, da yadda zan matso a hankali a zagaye na uku kamar ba na so. Shiru. Wuƙaƙe kawai ke aiki. Na yi gyaran murya, babu wanda ya ɗago. Ina zaune ina kallo aka cinye kifin nan har ƙaya, aka naɗe kwalin, sannan aka kawo dabinona aka yi ta ci da shayi ana yaba daɗinsa. Shayin dai na karɓa, don shi miƙo min aka yi a hannu.

Na kwanta ina ce wa kaina wataƙila gajiya ce ta sa suka manta da ladabi. Kwanciyar ma ta jeka-na-yi-ka ce, don duhun garin ɗan kaɗan ne, kafin ka gama juyi gari ya waye, ga lissafin lokutan salla ya dagule min. Da safe Miyali za ta fita ta nuna min kicin ta ce, "Yaya, komai na nan, gidanka ne, ka ɗauki abin da kake so." Na yi murmushi. Ai na san wannan, el-bet betak, gida gidanka ne, Misirawa ma haka suke faɗa, amma ka buɗe firjin mutum ka ga ikon Allah. Kuma ni, wan miji, in shiga kicin ɗin surukai ina buɗe tukwane? Allah ya kiyaye.

Da rana aka sake shimfiɗa kwali. Wannan karon na yanke shawara zan sassauta: in ƙi sau ɗaya, ana sake tayi in faɗa. Dattijon ya nuna min wuri da wuƙarsa. Na ce, "Alhamdulillahi, ku ci kawai." Wallahi bakina ne ya faɗa da kansa, ban aike shi ba. Aka ci aka tashi. Miyali ta biyo ni baranda fuskarta da damuwa, ta ce ko in tana dafa min shinkafa daban zan fi so. Matar ƙanena ce fa za ta zama, tsakanina da ita akwai kunya, ta yaya zan dube ta in ce yunwa nake ji? Na ce kada ta wahalar da kanta, ni lafiya lau nake. Ta ce to. To! Haka kawai, to. A raina na ce yarinyar nan ko rantsuwa ɗaya ba za ki yi ba?

Da abin ya ishe ni na lallaɓa kantin garin, wanda shi kaɗai ne, na sayi biskit na tsaya bayan kantin na cinye a tsaye. Da yamma sai ga matar da ta sayar min ta turo ƙofa ta shigo gidan (a can ba a ƙwanƙwasa ƙofa, ba a sallama, shigowa kawai ake yi a zuba wa kai shayi). Ashe ƙanwar Ilisabi ce. Ta dube ni, ta yi wa 'yar'uwarta magana ƙasa-ƙasa da yarensu, Ilisabi ta dube ni ita ma, murmushin nan ya ɓace. Daga wannan rana hanyar kanti ta rufe min. Daga wannan rana kuma ba a ƙara ce min in ci ba. A shimfiɗa kwali, a ci, ni ina gefe a kan kujera da carbi da kofin shayi, cikina yana ƙugi ina rufe shi da tari.

Haushi kuwa kamar in fashe. Haushin Hajiya da taswirarta, haushin Kabiru da ya rasa inda zai ga mata sai inda bishiya ta ƙi fitowa, haushin mutanen da za su ga baƙo yana ramewa a gabansu su zuba masa ido. Kaina ne kawai ban ji haushinsa ba, don a ganina ni ne kaɗai mai tarbiyya a garin.

Ana haka Kabiru ya kira wayar gidan, muryarsa a sanyaye.

"Yaya, me ke faruwa ne? Miyali ta kira ni tana kuka. Ta ce Baba ya ce a dakata da maganar auren, wai zai sake tunani. Wani abu ya haɗa ku ne?"

"Ni? Kai Kabiru, ni za a koya wa zama da manya? Tunda na zo ko ɗaga ido ban yi ba."

"To don Allah ka yi maganar gobe kafin abin ya lalace. Yaya, in na rasa yarinyar nan ban san yadda zan yi ba."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba, har tausayinsa ya kama ni. Amma maganar yunwa ban yi masa ba. Ƙanena ne, da wane baki?

A bayan gidan, bayan wata 'yar rumfar ajiye kaya, dattijon yana da wurin shanya kifi. Sanduna ne aka gicciya, aka rataye kifaye a tsage, an yayyanka naman a jere yana shan iska, an lulluɓe da raga saboda tsuntsaye. Tun ranar da na zo nake wuce wurin ina kawar da kai. A ranar dai, bayan wayar Kabiru, na fita shan iska ƙafafuna suka kai ni. Na tsaya na yi wa kaina fatawa a tsaye, da sharuɗɗanta: na farko larura ce, larura kuwa tana halatta abin da aka hana. Na biyu, an ce min da baki gidana ne, in ɗauki abin da nake so (maganar da na ƙi yarda da ita a kicin, sai ga shi ta yi min amfani a bayan rumfa). Na duƙa na shiga ƙarƙashin ragar da rarrafe don kada a hango ni ta taga, na fizgo ɗaya.

Jama'a, kifin nan! Ga maiƙo, ga garɗi, ga ɗan gishirin iskar teku. Kilishin da aka ƙwace min ma albarka. Ba ni da wuƙa, da haƙori na yi ta yaga. Na ci ɗaya, na ci biyu, wajen fizgo na uku sanda ɗaya ta zame ta faɗi da kifayenta. Na tsorata, na tattara fatun da na yayyaga na watsa su bayan duwatsu ta wajen teku, na koma gida na zauna da carbina kamar ba ni ba.

Abin da ban sani ba shi ne, a makon an hango farin beyar a kusa da juji na bayan gari. Dabba ce ƙatuwa, fara fat, ta kai girman sa, tana cin mutum, su suna ce mata nanuk. In ta saba da shigowa gari neman abinci, to babu zaman lafiya. Washegari da safe ƙanwar Ilisabi ta bi ta bayan gidan ta ga sanda a ƙasa, raga a yamutse, fatun kifi a yage a watse. Ba ta yi wata-wata ba ta kira gidan rediyon garin, wanda kowane gida ke kunne da shi daga safe har dare.

Ni dai na ji rediyon ya ɗauki zafi da yarensu, na ga dattijon ya saɓi bindiga ya fita, na ji baburan nan masu ƙafa huɗu suna ta tashi. Ilisabi da Miyali suka fita da sauri zuwa maƙwabta, Miyali ta waigo ta ce min, "Yaya, ka zauna a ciki, kada ka fita." Na ɗauka irin maganar da ake yi wa baƙo ce saboda sanyi. Na ce a raina farauta suka tafi, Allah ya ba da sa'a.

Ranar ce ranar magana. Na yi wanka, na sa rigar sanyin Kabiru mai kumburi, na ɗora farar babbar rigata a kai, na kafa farar hula. Na dubi madubi na ga na yi faɗi kamar rumbu, amma dai da kwarjini. Sai na tuna jawabin neman aure ba a yin sa da jiri. Gida babu kowa. Na ce bari in ɗan taɓa guda ɗaya, na ƙarshe, in tuba gaba ɗaya. An ce rana dubu ta ɓarawo.

Ku kwatanta abin da idonku. Hazo bai gama washewa ba. Can daga kan tudu wani mai madubin hangen nesa ya duba bayan rumfar Simiyoni, ya ga wani ƙaton farin abu a duƙe da ƙafa huɗu, kansa a cikin raga, yana fizgar kifi.

Ina cikin tauna na ji ƙarar babura ta kewaye ni ta mutu. Kafin in juya sai ji na yi tau! a sama da kaina. Wanda ya zauna Alƙahira a shekarun nan ba a yi masa bayanin ƙarar bindiga. Na zabura zan miƙe, kaina ya daki sanda, shanyar gaba ɗaya ta rufto min, raga ta naɗe ni, hannun babbar riga ya harɗe ƙafata. Na faɗi ina birgima cikin kifi ina kururuwa, "Innalillahi! Ana insan! Wallahi ana insan!" Wato da Larabci nake shaida musu ni mutum ne, a garin da babu mai jin ko alif. (Daga baya aka ce min harbin na tsoratarwa ne, a sama ake yin sa. Wanda zai biyo baya ne ba na tsoratarwa ba.)

Da na samu na fito da kaina daga ragar, sai na ga maza sun kai goma a tsaye da bindigogi, bakinsu a buɗe. A bayansu mata da yara suna ta fitowa daga gidaje. Dattijo Simiyoni yana gaba. Hulata ta faɗa cikin taɓo, shaddata ta yi kaca-kaca da man kifi, kuma sai a lokacin na lura har yanzu akwai wutsiyar kifi a hannuna, na riƙe ta gam. Na roƙi ƙasa ta tsage, amma ƙasar garin dutse ce.

Dattijon ya sauke bindigarsa a hankali. Ya dubi fatun kifin, ya dubi bakina, ya tambaye ni da Turancinsa mai nauyi, "Da daɗi?"

Me ya rage min? Na ce, "Da daɗi."

"Jiya ma kai ne?"

"Ni ne."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya dafa rumfa, ya sunkuya, dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Kamar jira ake, garin gaba ɗaya ya ɗauka. Wani ya zauna a kan baburinsa yana dukan cinya, wata tsohuwa ta riƙe ciki tana nuna ni tana cewa nanuk, nanuk. Ƙanwar Ilisabi kuwa da gudu ta koma ta sake kiran gidan rediyo don a kwantar wa jama'a da hankali, da cikakken bayani. Kabiru a can babban gari ya ji labarin kafin in gama wanke fuska.

Miyali ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Da muka shiga gida ta tsaya a gabana idonta jawur ta ce, "Yaya, me ya sa? Kifin ranar farko Baba da kansa ya shiga teku cikin iska ya kamo maka shi. Mu a nan ba ma ce wa mutum ya ci, abinci na kowa ne, zama kawai ake yi. Saboda kai ya koyi faɗa, don Kabiru ya ce haka kuke yi. Ka ƙi, ka sake ƙi, ka je ka sayi biskit. Mama ta ce ƙyamarmu kake yi. Baba ya ce in babban wansa ba zai iya haɗa hannu da mu ba, yaya danginsa za su riƙe ni?"

Nan ne kunyar gaske ta kama ni, wadda ta fi ta cikin raga. Na yi ta kame-kamen bayani, cewa a wurinmu ƙin ci girmamawa ne, ana jira ne a matsa wa mutum. Ta fassara wa iyayenta. Ilisabi ta yi tambaya, Miyali ta juyo da ita: "Mama ta ce, wato in mutum ya ce a'a, sai a ɗauka ƙarya yake yi?" Na sosa ƙeya. Na ce e, kusan haka ne.

Tsohuwar ta girgiza kai, ta tashi ta shimfiɗa kwali, ta dire kifi, ta ajiye wuƙa ɗaya a gefen da babu kowa. Ba wanda ya ce min komai. Na sauko daga kujerar nan, na naɗe hannun shaddar da ta riga ta lalace, na zauna a ƙasa na yi bismilla. Na ci dafaffe, na ci busasshe, har ɗanyen mai ƙanƙara na yanka na ci, yana narkewa a baki. Ilisabi tana ta turo min wajen da ya fi maiƙo da bakin wuƙarta.

A nan, da maiƙo har gwiwar hannu, ba hula, na yi jawabin da na tsallako duniya don in yi. Duk ƙa'idojin da na tsara sun gudu. Na ce ƙanena yana son 'yarsu, mutumin kirki ne, ya fi ni hankali kamar yadda suka gani da idonsu, kuma mahaifiyarmu ta aiko ni in roƙa masa. Miyali ta fassara. Na gyara zama ina jiran dogon jawabi irin na manya. Dattijon ya gama tauna, ya dube ni, ya ɗaga girarsa sama, ya ci gaba da yankan kifi. Na juya wurin Miyali in ji ko ƙi ya yi, sai na ga ta rufe fuska tana kuka tana dariya. Ashe a wurinsu ɗaga gira shi ne e. An ba mu.

Na koma Alƙahira na tarar da zafina da ɗauke wutata suna jirana, na yi musu barka da gida. Abokan da muke haya tare suka yi ta tambaya yaya ƙasar ƙanƙara, na ce tamam, mutanen kirki, na ja bakina. Asirin bai daɗe ba, don Kabiru ba ya iya riƙe magana. Yanzu 'ya'yansa biyu, kuma ba su san ni da wani suna ba sai Baffa Nanuk.

Abin da ya fi ci min rai har yau shi ne lissafin. Ladabina ne ya kusa kashe auren nan, satata ce ta ɗaura shi, kuma duk shekarun da na yi ina karatun fiƙihu ban sami babin da zan ajiye wannan mas'ala ba. Abin da dai na tsira da shi ɗan kaɗan ne: fulako sai a garin da aka san shi. In ka je inda a'a take nufin a'a, aka ce maka zo ka ci, ɗan'uwa wanke hannu ka zauna, tun kafin a zo nemanka da bindiga.